Galaksin rediyo mai rauni da ke can nesa: rauni ne, ko nisa ne ya disashe shi?

“Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗaura dish ne a nan Agege. Na ji ana bayanin wani galaksi da aka ce yana fitar da siginar rediyo, wai yana da nisa sosai kuma mai rauni ne. Abin ya ɗaure min kai. A aikinmu idan sigina ta yi ƙasa, ko dish ne bai saitu ba, ko hadari ne ya tare. To su yaya suka san rauni ne na asali ba nisa ne ya jawo ba? Kuma mene ne siffofin irin wannan galaksi? Allah ya ƙara basira.”

Wa alaikumus salam, ƙanena, amin summa amin. Tambayarka gida biyu ce: yaya ake raba rauni da nisa, sannan wace irin halitta ce wannan da ake kira mai rauni. Ta farkon ita ce ta fi ba masana wahala, kuma ka kama ta ne da basirar sana'arka.

Bari mu daidaita kalmomi tukuna. Galaksi taron taurari ne biliyoyi, da iskar gas da ƙura, waɗanda ƙarfin janyowa ya ɗaure wuri guda. Rana tamu tana cikin ɗaya daga cikinsu. Kusan kowane galaksi yana fitar da ɗan zangon rediyo, amma wanda ake kira galaksin rediyo shi ne wanda siginarsa ke fitowa daga aikin wani ƙaton baƙin rami da ke tsakiyarsa, wato wuri mai tsananin ƙarfin janyowa wanda ko haske ba ya iya kuɓuce masa. Babu wanda ke watsa shiri a can. Abin da ke faruwa shi ne, gas da ke gangarawa cikin ramin ba duka yake shiga ba; wani kaso ana tsartar da shi ta gefe biyu da gudun da ya kusa na haske. A cikin wannan tsartuwa akwai ƙwayoyin ilektiron da ke murɗawa cikin ƙarfin maganaɗisu, kuma murɗawar ce ke haifar da zangon rediyo. Kai da ka tashi kana jin ana cewa “a gajeren zango mita 19”, to wannan ma zango ne, sai dai mu muna yawan aiki a kan santimita 21 ko wajen mita biyu.

Fitilar masunci da fitilar jirgin ruwa

Ka taɓa bi ta gadar Third Mainland da dare? Idan ka leƙa ɓangaren Makoko za ka ga 'yan fitilun masunta a kan kwale-kwale. Wanda kuma ya tsaya bakin teku zai hango fitilun manyan jiragen da ke layin shiga Apapa, can nesa, kamar ƙwayar gero. A ido, fitilar masuncin da ke kusa tana iya fin ta jirgin haske, alhali ta jirgin ta ninka ta sau ɗaruruwa. Ido yana auna abin da ya iso gare shi ne kawai. Farantin rediyo ma haka yake. Abin da ya iso muna auna shi da ma'aunin janski, sunan Karl Jansky, injiniyan Amurka da ya fara gano zangon rediyo daga sararin samaniya a farkon shekarun 1930. Ƙarfin asali kuwa ba a aunawa kai tsaye, lissafa shi ake yi, kuma lissafin ba ya yiwuwa sai an san nisa.

Nisan kuma ba daga rediyo yake fitowa ba. Sai an nemo galaksin da na'urar hangen nesa ta haske, a tarwatsa haskensa kamar bakan gizo, a duba layukan da sinadarai irin su haidirojin ke bari. Saboda sararin samaniya yana faɗaɗa, hasken da ya daɗe a hanya yakan miƙe, layukan su matsa zuwa ɓangaren ja. Yawan matsawar ana rubuta shi da harafin z. Idan z ya kai 1, zangon ya ninka biyu, kuma hasken ya yi kusan shekara biliyan 8 yana tafiya. Idan ya kai 2, zangon ya ninka uku, tafiyar ta haura shekara biliyan 10. Da z a hannu sai a koma kan janskin da aka auna, a fitar da ƙarfin asali. Duk wanda ya ce maka galaksi mai rauni ne bai gaya maka z ɗinsa ba, to ya ba ka rabin magana.

Kuma raunin nan na gwaji ne, kamar a ce ƙaramin attajiri. Cygnus A, wanda Walter Baade da Rudolph Minkowski suka gano galaksinsa a farkon shekarun 1950, yana nisan shekarar haske (tazarar da haske ke ci a shekara guda) wajen miliyan 760, amma yana cikin abubuwan da suka fi ƙarfi a sararin rediyo. M87, wanda aka fito da hoton baƙin raminsa a Afrilun 2019, yana nisan kimanin miliyan 55 kawai. Idan ka jera su a nisa ɗaya, Cygnus A ya ninka M87 fiye da sau dubu a rediyo. M87 yana ajin masu rauni ke nan, duk da cewa nauyin baƙin raminsa ya kai na rana biliyan 6.5. Galaksinmu kuwa ko kusa da wannan “mai raunin” bai kai ba.

Hayaƙin Okobaba da tiyon wankin mota

A 1974 wasu masu bincike biyu a Kambirij, Bernard Fanaroff ɗan Afirka ta Kudu da Julia Riley, suka duba taswirar galaksin rediyo 57, suka lura da wani abu mai sauƙi. Wasu sun fi haske kusa da tsakiya, suna dusashewa yayin da aka yi waje. Wasu kuma tsakiyarsu ba ta da wani haske sosai, amma can ƙarshen gefe biyu akwai ɗigo mai ƙuna. Na farkon aka kira FR I, na biyun FR II. Abin mamakin shi ne siffar ta bi ƙarfi: masu rauni galibi FR I ne, ƙarfafa kuma FR II. Iyakar tana wajen wat 1 da sifiri 25 a bayansa a kowane haz (ma'aunin yawan kaɗawar sigina a daƙiƙa), gwargwadon zangon da aka auna.

Idan ina koya wa ɗalibai, misali biyu nake ba su. FR II kamar tiyon mai wankin mota ne: ruwa yana fita a tsuke, ba ya watsewa a hanya, sai ya bugi jikin mota ya fantsama, wurin bugun shi ne ɗigon mai ƙuna. FR I kuwa kamar hayaƙin dusar katako ne da aka saba gani yana tashi daga Okobaba a Ebute Metta: mai kauri ne a gindi, yana hawa yana buɗewa, iska tana lanƙwasa shi, har ya narke cikin sama ba ka iya nuna inda ya ƙare.

Dalilin bambancin shi ne, tsartuwar mai rauni ma da gudun kusa da na haske take farawa, amma cikin 'yan shekarun haske dubbai na farko sai ta kwashi gas ɗin da ke kewaye da iskar da tsoffin taurari ke fitarwa, ta yi nauyi, ta rage gudu, ta buɗe. Daga nan muhalli ne ke juya ta. Shi ya sa za ka ga irinsu 3C 31 da wutsiyoyi biyu masu lanƙwasa, ko NGC 1265 da ke ratsa gas ɗin taron galaksin Perseus har tsartuwarsa biyu suka koma baya kamar rawanin mai gudu a kan babur. Ni dai a ganina FR I sun fi FR II ban sha'awa, don siffarsu tana ba da labarin unguwar da suke zaune. Sai dai kada ka riƙe wannan iyaka kamar katanga. Binciken na'urar LOFAR ta ƙasar Holan ya nuna akwai masu siffar FR II da yawa waɗanda ƙarfinsu ya yi ƙasa da iyakar sosai, kuma akwai wani babban aji da ake kira FR 0, waɗanda ba su da wutsiya ko kaɗan, ɗigo ne kawai a tsakiya.

Gidan da yake zaune, da yadda yake ci

A nan ne mutane ke yin kuskure. Suna jin “mai rauni” sai su zaci ƙaramin galaksi ne. Akasin haka ne. Yawancinsu manyan galaksi ne masu siffar ƙwai, jajaye, cike da tsoffin taurari, waɗanda suka daina haifar sababbi tun da daɗewa, kuma sau da yawa suna zaune a tsakiyar taron wasu galaksin. Baƙin raminsu ƙato ne. Raunin daga cin abinci yake.

Akwai iyakar yawan abin da baƙin rami zai iya haɗiya kafin hasken da cin ke haifarwa ya fara tura abincin baya. Ana kiranta iyakar Eddington. Waɗanda ke ci da yawa, gas mai sanyi yana taruwa ya zama faifai mai tsananin haske a kewayensu, har hasken ya rinjayi na taurarin galaksin gaba ɗaya, kamar yadda yake a irin galaksin da ake kira kwasa (quasar). Masu raunin nan kuwa galibi suna ci ƙasa da kashi 1 cikin 100 na iyakar. Gas mai zafi ne, sirara, yake tsiyaya musu kaɗan-kaɗan, ba ya yin faifai mai haske, kuma kusan duk ƙarfin da aka samu yana tafiya cikin tsartuwa. Saboda haka idan ka tarwatsa haskensu ba ka ganin layuka masu ƙarfi na gas da aka ƙona, sai na taurari. Ka kalli hotonsa na haske, tsohon galaksi ne shiru, ba alamar komai. Sai rediyo ne ke tona asirinsa.

Wannan shirun yana da amfani, yana kuma da wahala. Wahalar ita ce layukan nan masu ƙarfi su ne ke sauƙaƙa auna z, to babu su. Dole a kashe sa'o'i a kan babbar na'ura, ko a yi ƙiyasi daga launuka. Amfanin kuwa, tunda tsakiya ba ta kashe ido, ana iya nazarin taurarin kansu. A 1996 James Dunlop da abokan aikinsa suka yi haka da wani galaksi mai suna 53W091, wanda aka tsinto a binciken na'urar rediyo ta Westerbork da ke ƙasar Holan, mai z 1.55, kuma siginarsa ba ta kai ta manyan da aka saba da su ba. Suka ƙiyasta shekarun taurarinsa da biliyan 3.5. Matsalar ita ce, a lissafin da mutane da yawa ke bi a lokacin, sararin samaniya kansa bai kai wannan shekarun ba a wancan zamani. Ɗa ya girmi ubansa ke nan. An yi ta jayayya a kan ƙiyasin, sannan a 1998 aka gano faɗaɗar sararin samaniya ƙara sauri take yi, wanda ya ƙara wa lissafin shekaru.

Abin da nisa ke yi masa

Mu ɗauki M87 mu kai shi z 1, lissafin da nake sa ɗalibai su yi a allo. A zangon santimita 21 yana ba mu janski wajen 200 a inda yake yanzu. A can kuwa zai koma kimanin kashi ɗaya da rabi cikin dubu na janski guda. Tsartuwarsa da Heber Curtis ya fara gani a 1918, mai tsawon shekarar haske wajen 5,000, za ta yi ƙanƙantar maɓallin riga da aka ajiye a wancan ƙarshen gadar Third Mainland kai kana wannan ƙarshen.

Wannan ma ba shi ne mafi muni ba. Hasken abu mai faɗi, kamar wutsiyar nan mai kama da hayaƙi, yana disashewa da 1 + z da aka ninka da kansa har sau huɗu, wato (1 + z) × (1 + z) × (1 + z) × (1 + z). A z 1, sau 16 ke nan. A z 2, sau 81. Ɗigon FR II mai ƙuna yana jure wannan, hayaƙin FR I ba ya jurewa. Sannan akwai wani ɓarawo na biyu. Sararin samaniya cike yake da wani tsohon haske da ya rage tun farkon halittarsa, wanda zafinsa yau bai wuce digiri 2.7 a ma'aunin Kelbin ba. A zamanin da, ya fi haka kauri, da wannan ninkin dai na sau 16 ko 81. Ilektiron ɗin wutsiya suna karo da shi suna zubar da ƙarfinsu, don haka wutsiyar tana mutuwa da wuri. Ga kuma cewa abin da muka kama a santimita 21 daga z 2, a santimita 7 ya baro gida, inda irin wannan sigina dama ta fi rauni.

Haɗa waɗannan ka ga sakamakon: galaksin rediyo mai rauni da ke nesa yawanci ɗigo ne kawai a taswira. Tsohon kundin Kambirij na 3C, wanda ya ɗauki abin da ya kai wajen janski 10 zuwa sama, kusan duk FR I ɗinsa na kusa ne, na nesan kuma duk ƙarfafa. Wanda bai yi hattara ba sai ya ce a zamanin da babu masu rauni. Kamar mai tsaye bakin teku ne ya ce babu kwale-kwale a can ciki saboda fitilun jirage kaɗai yake hangowa. A 2009 Marco Chiaberge da abokan aikinsa suka fita neman irinsu musamman, tsakanin z 1 da 2, a wani fili na sama da ake kira COSMOS, mai faɗin kimanin farin wata goma, wanda kuma yake ratsawa kusan ta saman kanmu a nan Legas. Sun samu, kuma da yawansu ɗigo suka fito.

A nan ne aikin ke da santsi. Idan ka ga ɗigo mai rauni, abu uku ne zai iya zama: FR I da nisa ya cinye wutsiyarsa, ko ƙaramin da bai taɓa yin wutsiya ba, ko kuma ba baƙin rami ba ne sam, galaksi ne mai haifar taurari da yawa, tunda fashewar manyan taurari ma tana ba da irin wannan sigina. Na ukun ana raba shi ta hanyar gwada rediyon da hasken zafin ƙura, domin a galaksi mai haifar taurari su biyun suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Idan rediyo ya zarce, akwai tsartuwa. Ko a haɗa faranti na nahiyoyi daban-daban a ga ko siginar daga wuri ɗan mitsitsi take fitowa. Na farko da na biyu kuwa, raba su a nesa har yanzu ana kai ruwa rana a kai, kuma ni ba na yarda da hukuncin da aka yanke daga taswira guda a zango guda.

Na faɗi haka ne don na taɓa ƙonewa. Lokacin ina karatun digiri na biyu na sauko da tsoffin bayanan na'urar VLA ta Amurka, mai faranti 27, kowanne faɗin mita 25. Saukowar kaɗai ta ci min dare da yawa, ga ɗauke wuta, ga kuɗin man janareta. Da na haɗa taswira sai na ga wani ɗan tabo mai tsawo kusa da wani jan galaksi. Na yi mako uku ina murna, har na fara rubutu. Malamina ya kalli allon bai fi minti ɗaya ba, ya ce in faɗaɗa taswirar. Ashe can gefe akwai wani tushe mai ƙarfi da ban tsaftace ba, inuwarsa ce ta faɗo daidai wurin. Kai ma ka san irin wannan, lokacin da mita ta nuna sigina ka ɗaure noti, ashe tauraron maƙwabta ka kama. Aikina duk a kan bayanan ajiya ne irin waɗannan, don haka abin da na faɗa game da auna z da manyan na'urorin haske daga karatu ne da zama da masu yin sa.

Me ya sa ake wahala a kansu

Saboda su ne masu yawa. Irin Cygnus A ƙalilan ne, masu raunin kuwa sun cika ko'ina, kuma suna wani aiki da ya shafi tarihin manyan galaksi. Gas mai zafin da ke kewaye da babban galaksi ya kamata ya huce, ya gangaro, ya zama sababbin taurari masu yawa. Ba a ganin hakan yadda lissafi ya nuna. Hotunan taron Perseus da Chandra, na'urar hangen nesa da ke sararin samaniya, ta ɗauka sun nuna manyan kumfa a cikin gas ɗin, daidai inda tsartuwar galaksin tsakiya, NGC 1275, ta hura. Tsartuwar tana dumama gas, gas ya rage gangarowa, ramin ya rage ci, tsartuwa ta lafa, gas ya fara hucewa, a sake komawa. Kamar mai shayi ne da ya rage wutar risho don ruwa ya zauna da zafi ba tare da ya tafasa ya zube ba. Abin da ake son sani shi ne yaushe wannan tsari ya fara, kuma amsar tana wurin masu rauni na nesa.

Na'urorin da ke iya wannan aiki yanzu, ɗaya daga cikin mafi kyawunsu a Afirka take: MeerKAT, faranti 64 a hamadar Karoo ta Afirka ta Kudu, da aka buɗe a 2018. Fanaroff ɗin nan dai shi ne ya jagoranci neman kawo babban aikin SKA, wata gagarumar na'urar rediyo ta haɗin gwiwar ƙasashe, zuwa ƙasarsa. Gana ta mayar da wani tsohon farantin sadarwa mai mita 32 a Kutunse ya zama na binciken sama a 2017. Mu ma muna da tarihi a fannin: marigayi Farfesa Samuel Okoye na Nsukka, yana ɗalibi a Kambirij a tsakiyar shekarun 1960 tare da Antony Hewish, ya gano wani ɗan ƙaramin tushen rediyo a cikin gajimaren Crab, wanda daga baya aka tabbatar tauraro ne mai bugun sigina.

Dish ɗinka ba zai kama galaksi mai kashi ɗaya cikin dubu na janski ba, amma yana kama rana. Katsewar sigina ta 'yan mintuna da kwastomomi ke kiranka a kai wajajen Maris da Satumba, rana ce ta bi ta bayan tauraron ɗan'adam ta cika LNB, wato kan dish mai karɓar sigina, da hayaniyarta. Idan kuma kana son ganin galaksin rediyo mai rauni da idonka, na kusa da mu shi ne Centaurus A, nisan shekarar haske wajen miliyan 12. Daga Legas yana hawa kimanin digiri 40 a sama ta kudu, wajen ƙarfe tara na dare a ƙarshen Mayu, ko da asuba a ƙarshen Janairu. Fitilun Agege ba za su bar ka ba; sai ka fita bayan gari a daren da babu wata kuma babu hadari, da madubin hangen nesa na hannu, za ka gan shi kamar ɗan tabon toka. Shi kuma wancan da ka ji labarinsa, ka nemo min sunansa, da z ɗinsa, da janskin da aka auna da zangon da aka auna shi, mu zauna mu yi lissafin tare.